Kazar da Ta Bi Rariya

"Lafiya lau muka tashi, ɗan kawu. Ya gwiwa? Ya ido? Ya kuma 'yan tsuntsayen nan naka da kake kira kaji?"

Disfensa ya amsa biyun farko, ya bar ta ukun a inda ta faɗi. Gwiwa da sauƙi, in ji shi, ido kuwa lafiyarsa ƙalau, don abin da ya gani ne ma ya fito da shi da wannan hantsi. Yana tsaye a bakin tsakar gidan, sanda a hannun dama, tsohuwar jakar fata a hagu, wandonsa ya sha guga. Shekara talatin da takwas ya yi yana haɗa magani a wani ƙaramin asibiti kafin ya ajiye aiki. Sunan aikin ya biyo shi har gida, kuma har yau ko shagon bakin layi zai leƙa sai ya ɗaura agogo.

Wadda ta tare shi da wannan gaisuwa taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata. Ita tana ce masa ɗan kawu, shi yana ce mata 'yar gwaggo in yana cikin fara'a, in kuwa ransa ya ɓaci sai ta koma baiwar gidanmu. Tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba sai ɗaya ya bar wa ɗaya maganar da zai wuni yana neman amsarta. Yanzu duk sun haura saba'in. Ita mijinta ya rasu, shi matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman na kansu, abin da ya rage musu kaji ne da baki.

Ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce yau ya makara. Bai gane inda ta dosa ba, don bai yi alkawari da ita ba, sai ya ɗauka cikin surutunta ne ya ƙyale.

"Biko na zo," in ji shi, bayan ya kaɗe kujerar da hankici ya zauna.

"Wa ta yi yaji?"

"Kin sani."

"Ni dai ban ga macen da za ta zauna da mutumin da ke ƙirga wa kaji tsaba ba, in ba marigayiya ba. Ita ma haƙuri ne ya yi mata yawa."

Idonsa ya riga ya faɗa kan wadda ya zo nema. Kazarsa Wake-wake tana gindin randa tana tona ƙasa a tsakiyar kajin gidan, hankalinta kwance kamar a nan aka ƙyanƙyashe ta. Ya kira ta da irin kiran da ta sani. Ta ɗago kai, ta dube shi da ido ɗaya, ta ci gaba da tononta.

Wannan kaza ba kamar sauran ba ce a wurinsa. Shekarar da suka tare a gidan nan, matarsa ta sayo wata kaza mai zanen baƙi da fari, ta ajiye mata tsohon kwando a ƙarƙashin tagar da take zama da keken ɗinki. Kazar ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi nasu, aka yi ta yankawa, ana kyauta, ciwo yana ɗaukar rabonsa, har iri ya tsaya a kan wannan guda ɗaya. Keken yana nan a lulluɓe, kwandon yana nan inda aka bar shi. Kusan kullum da ƙarfe goma Wake-wake za ta fito daga ciki tana kyarkyara, shi kuma ya ajiye rediyo ya je ya ɗauki ƙwan da ɗuminsa, ya rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Yau kwana tara kwandon babu komai. Kyarkyarar dai yana jin ta da ƙarfe goma, amma daga bayan katanga take fitowa.

Ya ce asiri aka yi mata. Taubashiyar ta ce babu wani asiri, zakaranta ne ya iya magana, nasa kuwa ko cara zai yi sai ya jingina da bango. Ya ce zakaransa ƙarfe biyar daidai yake cara, ana iya saita agogo da shi, nata kuwa ya yi gadon uwargijiyarsa, ba dare ba rana baki a buɗe. Ta ce ai mai ƙoshi ne ke da abin faɗa.

Nan ta taɓa masa inda ke ciwo, don maganar ba ta tsaya kan Wake-wake kaɗai ba. Mako biyar da suka wuce shi da kansa ya sayo kwalin 'yan tsakin kajin nama guda hamsin, ya raba biyu, ya miƙa mata ashirin da biyar ta kan katanga. Shi ya nuna mata yadda ake kunna musu fitila, da yadda ake shimfiɗa ɓuntun katako, da ranar da ake ɗiga musu magani. Buhun abinci iri ɗaya suke saya a shago ɗaya. Shi yana auna nasa da gwangwani, yana share bakin gwangwanin da wuƙa, kamar yadda takardar jikin buhu ta ce. Amma duk safiya rabin garin yana ƙasa, kajin sun watsar da shi sun tattake, akurkin yana wari. Nata kuwa, waɗanda yake hange yanzu ta cikin waya, sun yi fari fat, ƙirji ya cika, suna tafiya suna rangaji kamar masu kuɗi.

"Gashi ne," in ji shi. "Kaza ba a ido take ba, a sikeli take."

"To fito da shi mana. Ai na ga jakar. Tun da ka shigo take motsi."

Ya buɗe jakar ya ciro sikeli mai ƙugiya, wanda aka ba shi kyauta ran da ya bar aiki. Jarirai sun fi dubu da suka hau shi. Ya ce ba zai yarda ta zaɓa ba, shi zai kama da hannunsa, ya kuwa zagaya akurkin sau biyu har ya samo wanda ya fi kowa ƙanƙanta. Ya saka shi cikin wani tsumma, ya rataya, ya gyara tabarau. Allura ta tsaya a kilo biyu ba kaɗan. Babban cikin nasa, wanda ya auna da safen nan kafin ya karya, kilo ɗaya da rabi ne.

Ya ɗan ƙwanƙwasa fuskar sikelin da farce. Allura ba ta motsa ba.

"Sikelin ya tsufa," in ji shi.

"Tare kuka tsufa. Shi dai bai fara ƙarya ba."

Ta ce wannan ma auta ne, babbansu jiya sai da ta kira kafinta ya faɗaɗa ƙofa kafin ya fito shan iska. Ta ce mai tuyar kaji na bakin titi ya leƙo ya gan su ya ce ba shi da kaskon da zai ɗauke su. Ta ce in ɗan kawu yana so za ta aro masa guda ɗaya ya tsaya a tsakar gidansa na kwana biyu, don baƙi su daina tambaya ko tattabaru yake kiwo. Shi kuma ya ce kumburi ne, ya ga irinsa a asibiti, wanda ya zo da irin wannan jiki ba ya kai mako. Ya ce wadda ba ta taɓa karanta ko takardar jikin buhu ba, ina ta san kiwo. Ta ce kajin ma ba su karanta ba.

Ana cikin haka ta dubi inuwar katanga ta ce lokacin cinsu ya yi. Ta zagaya bayan ɗakin girki ta jawo wani bokitin roba, da murfi a ɗore a kansa ba a danne ba. Kajin gidan suka taso gaba ɗaya, Wake-wake ce a gaba, har tana taka ƙafar matar. Disfensa ya ji abin har cikin ƙirjinsa. Shekara biyu yana ciyar da kazar nan, ba ta taɓa yi masa wannan gudu ba.

Ya san jiƙa abincin take yi. Wannan ya kwana biyu da sani, ko da yake ba zai faɗi yadda aka yi ya sani ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne matsowa kusa da bokitin. Da ta ɗaga murfin, ruwan saman yana 'yan ƙananan kumfa yana tsastsafowa, wani tsami ya bugi hancinsa, irin na ƙullun burodi da ya tashi. Ya miƙe tsaye ba tare da ya nemi sanda ba, ya toshe hanci da hankici.

"Kada ki ba su. Ya lalace."

"Me ya lalace?"

"Ba ki ga kumfa ba? Ba ki ji wari ba? Zubar da shi, baiwar gidanmu, kafin ki kashe mini kaza."

Sai ya shiga yi mata karatu da muryar da yake yi wa masu jinya a da. Ya ce Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar da ta koya masa aiki, wadda ke duba farcensu kowace Litinin kafin su taɓa kwalba, abu ɗaya ta fara dasa musu a kai: duk abin da ya yi kumfa ko ya sake wari, ba a shawara a kansa, rami ake kai shi. Ya ce da wannan doka ya yi shekara talatin da takwas bai taɓa ba ɗan kowa gurɓataccen magani ba. Ya ce shi ya san wannan wari sarai, ba yau ya fara jin sa ba.

"A ina ka san shi?" in ji ta.

Ya kawar da kai, ya gyara hankicin a hanci.

Ba ta matsa masa ba. Ta ɗauko matsami ta tsamo jiƙon, ta bari ruwan ya tsiyaye cikin bokitin, ta zuba a doguwar kwatarniyar kajin nama, ta zuba saura a wani faranti don kajin gida. Babu wanda ya watsar da ko ƙwaya. Suka duƙufa suna ci, ba ka jin komai sai ƙarar baki a kan roba. Sannan ta goge hannu a gefen zani ta ce ya zo ta nuna masa wani abu.

A gindin katangar da ta raba su akwai rariya. Gidansa ya ɗan fi nata tudu, saboda haka ruwan tsakar gidansa ta nan yake bi ya ratsa nata ya fita kwata. A bakin rariyar, ta ɓangarenta, an binne wani tsohon kwanon wanki daidai da ƙasa, an wanke shi tas, yana jira.

"Tun ƙarfe shida na ajiye shi," in ji ta. "Shi ya sa na ce ka makara."

Disfensa ya dubi kwanon, ya dubi rariyar, sai ya gane inda maganar ta dosa.

Kwana goma sha biyu da suka wuce, ya hau bulo yana gyaran igiyar shanya wadda babu abin da ya same ta, sai ya ji ta tana gaya wa wata maƙwabciya cewa kwana uku take jiƙa abincin kafin ta ba su. Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba, don gwiwa ta gaji da bulo. A ranar ya sayi sabon bokiti. Ya wanke shi da ruwan zafi, ya tafasa ruwa ya bari ya huce, ya auna gari, ya danne murfi ya ɗaure shi da roba yadda ko iska ba za ta shiga ba, ya ɓoye a bayan ƙofar banɗaki. Ran kwana uku murfin ya kumbura. Da ya kwance robar abin ya yi masa huci a fuska, ga kumfa, ga tsami. Ya ce a ransa ƙazanta ta shiga. Da ƙarfe shida na safe, kafin kowa ya fito, ya juye a bakin rariya, ya bi da ruwa bokiti guda don kada a ga alama. Ya sake wani, ya ƙara tsafta. Shi ma ya yi kumfa. Ya sake na uku.

"Na farkon a ƙasa ya zube, ban shirya ba," in ji ta. "Ina fitowa na ga kajina sun yi dafifi a nan, sai ga kan Wake-wake ya ɓullo ta rariya tana bin abincin gidanku. Ba sace ta aka yi ba, ɗan kawu. Kai ka koro ta da bokitin ruwa."

"Da kika gani me ya hana ki magana?"

"In yi magana in toshe wa kajina alheri? Kwana uku-uku, ƙarfe shida, ba fashi. Ni ban taɓa samun bawa mai cika alkawari irinka ba. Kuma wallahi naka ya fi nawa kyau. Wannan tafasasshen ruwa ba banza ba."

Tana dariya ba sauti, kafaɗunta ne kawai ke rawa, tana share ido da bakin mayafi. Shi kuwa lissafi yake yi a ransa ba da son ransa ba. Cikin kilo biyun nan da ya gani a sikeli, har da guminsa. Da hannunsa ya ƙosar da kajin baiwar gidansu, nasa suna can suna tsintar busasshen gari a ƙasa.

Ya ce to ashe rabin kajin nan nasa ne. Ta ce ya je ya tambayi rariya, ita ce shaida. Ya ce zai kai ƙara wurin dangi. Ta ce ta roƙe shi ya kai, ita ma tana so ta ji yadda zai ba da labarin bulo da igiyar shanya, don ta ga hularsa a saman katanga ran nan.

Ya koma ya zauna. Wake-wake ta gama ci, ta goge baki a ƙasa, ta nufi wani lungu kusa da itacen girki ta shige. Ya dubi agogo. Goma saura kwata. Taubashiyar ta ga inda idonsa ya bi, dariyar ta sauka daga fuskarta. Ita ce ta raka marigayiya kasuwa ran da aka sayo uwar wannan iri. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin kwano a rufe da tsumma, ta ajiye masa a cinya. Ƙwai shida ne, kowanne da zane a jikinsa da gawayi, ɗaya, biyu, har shida.

"Ba ni da fensir," in ji ta. "Ko ɗaya ban fasa ba. Na san kwandon da ya kamata su kwana."

Ya daɗe yana juya ƙwai ɗaya a hannu. Sannan ya yi gyaran murya, ya zaro ɗan littafi da alƙalami daga aljihun gaba, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata a sama. Bai dube ta ba.

"Ruwan, yatsa nawa yake hawa kan garin?"

"Da wa kake?"

"Da ke."

"Ni wa?"

Ya ƙura wa littafin ido. "Malama."

Ta ce bai fito sosai ba, amma za ta karɓa saboda tsufa. Ta gyara zama ta shiga ba shi karatu, shi yana rubutawa layi-layi. Yatsa biyu, in ji ta, kuma in garin ya sha ruwan ya kumbura a ƙara, kada a bar shi ya leƙo sama. Bokitin roba, ba na ƙarfe ba. A ɗora murfi kawai, kada a ɗaure, abin yana numfashi. A juya shi safe da yamma da muciya mai tsafta. In ana zafi kwana biyu ma ya isa. Kumfa da tsami su ne alamar ya nuna. Wanda za a zubar shi ne wanda ya yi furfura a sama, kore ko baƙi, ko ya yi ɗoyi irin na ruɓa, a nan dokar Sista tana nan daram. A zuba musu abin da za su cinye a zama ɗaya, a wanke mazubin kafin rana ta bushe shi. Ruwan da ya rage kuma kada a zubar duka, a bar kofi guda a zuba wa sabon jiƙo, zai fi saurin tashi.

Ya tambaye ta wane littafi ne ya faɗi haka. Ta ce matar da ke sayar da buhun ce ta gaya mata, ran da shi ya tsaya yana karanta jikin buhu.

Ya rufe littafin, sai kuma ya tsaya da alƙalami a hannu. Jiƙonsa na huɗu yana can bayan ƙofar banɗaki, yau kwanansa uku. Da safen nan ya tsaya a kansa, ya ga murfin ya kumbura kamar sauran, zuciyarsa ta karye har ya kasa ɗaga shi zuwa rariya. Da ya faɗa mata, ta dafe kai ta ce ta cuci kanta, da bakinta ta kashe wa kajinta kasuwa.

Ya tashi da kwanon ƙwai a hannu ɗaya, sanda da jaka a ɗayan. Ta ce ya ɗauki kazarsa mana, tunda biko ya zo. Ya ce a'a, matar da aka ɗauko a hammata ba ta zama, da ƙafarta ta tafi, da ƙafarta za ta dawo.

A gida ya jera ƙwan shida a cikin kwando. Ya jawo bokitin tsakar gida, ya kwance robar ya jefar, ya kawar da kai har hucin ya wuce. Ya leƙa. Babu kore, babu baƙi, sai kumfa da wannan tsami da ya sa shi asarar bokiti uku. Ya ɗibar wa kajin nama, suka far wa abin kamar ba su taɓa ganin abinci ba. Sannan ya cika faranti ya ajiye taki ɗaya daga bakin rariya, ta ɓangarensa, ya jawo kujera ya zauna, da rabin bulo a kusa da ƙafarsa.

Ƙarfe goma da minti biyar ya ji kyarkyara a bayan katanga. Wannan ƙwan ya tafi, ya bar wa Malama ladan karatu. Ya ƙwanƙwasa farantin da cokali, ya jira. Can sai ga kai mai zanen baƙi da fari ya leƙo ta rariya, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ta sunkuyo ta fito, ta kaɗe jiki, ta sa baki a faranti. Bai motsa ba. Bayanta sai ga wani jan wuya yana kutsowa da ƙyar, ƙaton zakaran taubashiyar, yana goga ƙirji a siminti. Disfensa ya bari har jelar ta gama shigowa, sannan ya tura bulon da ƙafa ya toshe rariyar.

"'Yar gwaggo," ya kira ta kan katanga, murya a kwance. "Ƙirga kajinki."

Ya ji takunta tana zagaya tsakar gida. Sai muryarta ta taso tana tambaya ina zakaranta.

"Ya yi yaji. In kin shirya biko, ki zo da kwanon nan na bakin rariya, ba ki da sauran amfani da shi."

Wannan karon dariyarta da sauti ta fito, har ta sarƙe da tari. Da ta lafa, sai ga kwanon wankin ya leƙo ta saman katanga.